Jar Takarda a Ƙofar Amarya: Tarihin Kayan Adon Aure na Sinawa

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Katsina, wanda ya ce da damina manomi ne, da rani kuwa yana bin kasuwannin ƙauye da kayan jere. Ya ce ya saro filas-filas da farantai 'yan Caina, sai ya ga wani jan zane a jikinsu, kamar an jingina tsani biyu a kafaɗar juna, a ƙarƙashinsa kuma ga agwagi biyu suna iyo. Masu saye sun dame shi da tambaya, har wata mata ta fasa ciniki don tana tsoron ko alamar tsafi ce. Shi kansa kuma yana shirin aurar da 'yarsa bayan kaka. Yana so a gaya masa ma'anar wannan zane da tarihinsa, a kuma ba shi labarin irin adon da Sinawa ke yi da hannunsu in za a yi aure, da irin kyautar da sukan ba amarya.

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka, kuma tun kafin mu yi nisa bari mu kwantar maka da hankali. Wannan zane da ka gani rubutu ne, kalma ce ta harshen Sinanci, ma'anarta farin ciki. In matar nan ta dawo kasuwa ta gaba, ka gaya mata ta ɗauki filas ɗinta ba fargaba.

Ka san rubutun Sinawa ba irin namu ba ne na boko ko na ajami, inda ake harhaɗa baƙaƙe su ba da kalma. Su kowane zane guda kalma ce sukutum. Kalmar farin ciki suna kiranta "shi", kuma masana rubutunsu sun ce asalinta hoton ganga ne a sama, da buɗaɗɗen baki a ƙasa, wato kiɗa da dariya, mu ce kiɗa da guɗa. To, in aka rubuta ta sau biyu aka manna su gefe da gefe, sai ta zama "shwang-shi", farin ciki biyu ke nan: na ango da na amarya, na gidansu da na gidansu. Ba a manna ta don suna ko sallar sabuwar shekara, ta aure ce. Agwagin nan biyu kuwa wasu irin agwagin ruwa ne masu kyan gashi da ake gani bibbiyu, mace da namiji, shi ya sa Sinawa suka ɗauke su misalin miji da mata masu zaman amana.

Akwai labarin da suke bayarwa a kan mafarin alamar. Wai wani ɗalibi mai suna Wang Anshi yana kan hanyarsa ta zuwa babban birni don rubuta jarrabawar shiga aikin sarki, sai ya ga wani attajiri ya rataye fitila a ƙofar gidansa da rabin baitin waƙa a jiki, ya ce duk wanda ya cika baitin shi zai ba 'yarsa. Ɗalibi ya kasa, amma ya haddace. Da ya isa wurin jarrabawa sai aka ba shi wani rabin baiti a ce ya cika, ya duba ya ga na jikin fitilar nan ya yi daidai, ya ba da shi. A hanyar dawowa kuma ya kai wa attajiri na wurin jarrabawa. Ranar ɗaurin aure sai ga manzo da albishir ya ci jarrabawa, shi kuwa don murna ya ɗauki alƙalami ya rubuta farin ciki sau biyu a jar takarda. Wang Anshi dai mutum ne na gaskiya, an haife shi a shekara ta 1021, ya ci jarrabawar a 1042, ya zama babban waziri a daular Song, ya rasu a 1086. Amma labarin fitilar hikaya ce, domin abin da tarihi ya nuna shi ne auren zumunci ya yi, daga dangin mahaifiyarsa.

Lokacin da ba ja, ba kiɗa

Wanda ya ga bikin Sinawa a yau, komai ja wur, ga wasan wuta yana ta fashewa, sai ya zaci haka suka taso tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. A zamanin daular Zhou, wadda ta fara wajen shekara 1,000 kafin Miladiyya, da magariba ake kai amarya, cikin tufafi baƙaƙe masu jan baki. Tsofaffin littattafansu na ladubba sun nuna ba a kiɗa a gidan ango har kwana uku, gidan amarya kuma sukan bar fitila a kunne dare uku don kewar 'yarsu.

A wancan zamani ne aka tsara matakan aure shida, kuma in ka saurara za ka ji kamar a garinku ake. Na farko a tura ɗan aike neman aure. Na biyu a tambayo sunan yarinya da ranar haihuwarta. Na uku a duba ko sun dace da juna a sanar da iyayenta, kamar baiko ke nan. Na huɗu a kai dukiyar aure. Na biyar sa rana. Na shida ango ya je da kansa ya ɗauko amarya. Kyautar da ake riƙewa a yawancin matakan nan dinya ce, wato agwagwar dajin nan mai ƙaura da komowa a kan lokacinta, alamar cika alkawari. Dukiyar auren kuwa turamen siliki ne da fatun barewa biyu.

A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, ango ne ke sa ja, amarya kuwa kore. Sai a daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, ja ya zauna daram a matsayin launin amarya: jar riga, jan mayafin rufe fuska, da jar kujera mai rumfa da ake ɗaukarta a ciki, kamar darbuka, sai dai ƙarti ke ɗauka a kafaɗa, ba raƙumi ba. In an kai ta ɗaki, ango ne ke yin buɗar kai, kuma a wurare da yawa da sandar sikeli yake ɗage mayafin, domin sunan sikeli a harshensu ya yi kama da kalmar gamsuwar zuciya. Fari kuwa a gargajiyarsu launin makoki ne. Farar rigar amarya da ake gani a biranensu yanzu aro ce daga Turawa, kuma har yau amare da yawa sukan sauya zuwa ja kafin a tashi daga biki.

Takarda da almakashi

Yanzu mu zo kan aikin hannu, wanda shi ne gindin tambayarka. Sinawa ne suka fara yin takarda. A shekara ta 105 Miladiyya wani bafade mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki hanyar yin ta da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Da takarda ta yi araha sai ta shiga hannun matan ƙauye, waɗanda ba su iya karatu ba amma sun iya almakashi. Yankakkun takardun ado mafi tsufa da aka samu an tono su ne a kaburburan Turfan, a yankin Xinjiang mai busasshiyar ƙasa, kuma na ƙarni na 6 ne.

A ƙauyukan arewacin ƙasar, kafin gilashi ya wadata, da farar takarda ake liƙe taga don tare iskar hunturu. Sai mata su yanka jar takarda su manna a kai, in rana ta fito hoton ya haskaka cikin ɗaki. Suna kiransa furen taga. Yadda ake yanka alamar nan taka kuwa ba wuya. A ninka jar takarda biyu, a sake ninkawa, a zana rabin kalmar guda a kai, a bi da almakashi. Da an warware sai ga farin ciki biyu sun fito manne da juna daga takarda ɗaya. A dama ɗan ƙullun fulawa a liƙa ta a ƙofa, da taga, da madubi, da akwati, da kan kowane kwano da za a kai ɗakin amarya.

A lardin Shaanxi, inda manoma da yawa ke zaune cikin ɗakunan da aka haƙa a jikin tudun jar ƙasa, tagar gida ita ce shaidar yarinya. Masu neman aure sukan duba furen tagar su gane ko tana da hannu da haƙuri, kamar yadda a nan akan duba saƙar faifai ko ɗinkin hula. Daga wannan lardi aka sami Ku Shulan, matar wani manomi a gundumar Xunyi, wadda aka haifa a 1920 ta rasu a 2004. Ta yi rayuwarta cikin talauci, amma yankanta ya kai ga gidajen adana kayan tarihi. A shekara ta 2009 kuma hukumar UNESCO ta sa yankan takarda na Sinawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Allura, zare da akwati

Bayan almakashi sai allura. A da, yarinya takan fara koyon ɗinki da surfani tun tana ƙarama, kuma kayan ɗakinta ita ke yin mafi yawansu da hannunta, shekara da shekaru: rigunan matashi masu hoton agwagi, labulen gado, jakar kuɗi ta ango, da takalman ƙyalle masu kaurin tafi ga uwar miji da uban miji da ƙannensa. Ranar da aka kai ta akan baje su dangin miji su gani. Barguna kuma, masu cushen auduga, akan yi su bibbiyu, huɗu ko shida ko takwas, kuma ba kowace mace ake ba ɗinkinsu ba. Sai an nemo wadda iyayenta ke raye, mijinta na raye, tana da ɗa namiji da 'ya mace, don amarya ta yi gadon sa'arta.

Akwai kuma ƙulli. Da igiyar siliki guda ɗaya ake saƙa shi, a yi ta lanƙwasawa ba a yanke ba, gaba da baya duk kamanni ɗaya. Wani marubuci mai suna Meng Yuanlao, a littafin da ya kammala a 1147 kan rayuwar birnin Kaifeng, ya bayyana yadda ake ƙulle ƙyalle biyu na siliki, ɗaya daga gidan ango ɗaya daga gidan amarya, kowannensu ya riƙe gefe guda, a kuma yanki ɗan gashin kansu a ɗaure wuri ɗaya. Sana'ar ƙullin ta kusa ɓacewa a ƙarni na 20, sai wata ma'aikaciyar gidan tarihi a Taiwan, Chen Xiasheng, ta bi tsofaffi ta koya, ta wallafa littafi a farkon shekarun 1980. Jan ƙullin nan mai tuntu da kake gani rataye a motoci da shaguna, daga nan ya sake bazuwa.

Ku manoma, ga wadda za ta yi muku daɗi. A kudancin kogin Yangtze ana ba da labarin cewa in aka haifi 'ya mace, uba yakan dasa itacen kafur a tsakar gida. Yarinya na girma, itace na girma. In aure ya zo sai a sare shi a yi akwatuna biyu, kuma ƙamshin kafur yana korar asu daga tufafi. Wani jami'i na ƙarni na 12 mai suna Yuan Cai ya rubuta cewa a zamaninsa akwai masu dasa itatuwan katako da yawa ranar da aka haifa musu 'ya, don in ta isa aure a sayar a yi mata kayan ɗaki, ba sai an ci bashi ba.

Me ya sa ya kawo zancen bashi? Domin a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, gasar kayan ɗaki ta yi tsanani. Kayan da amarya ta zo da su mallakarta ne, su ne garkuwarta a gidan miji, don haka kowane uba yana so ya fita kunya. Amma abin ya wuce gona da iri. Malami Sima Guang ya yi kuka da masu fara tambayar yawan kaya kafin su tambayi halin yarinya, marubutan zamanin kuma sun ambaci wuraren da talakawa ke hallaka jarirai mata don tsoron ranar aurar da su. Daga baya, a yankin Ningbo na lardin Zhejiang, attajirai suka shahara da jerin gwanon kayan amarya da ake wa kirari da jan kaya mai tsawon li goma, wajen kilomita 5 ke nan, ko da yake akwai ƙarin gishiri a ciki. Gado, kabad, akwatuna, bokitai, har da bahon wankan jariri, duk an shafe su da jan ƙaron itace da ruwan zinariya. Akwai gadon da ake ce wa mai kwana dubu, da kujerar ɗaukar amarya mai kwana dubu goma, wato yawan kwanakin aikin da masassaƙa suka zuba. 'Yar talaka kuwa, akwati ɗaya da barguna biyu da jar takarda.

Kyauta mai magana

Harshen Sinanci cike yake da kalmomi masu sauti ɗaya ma'ana daban, kamar yadda a Hausa gari na tuwo da gari na mutane suka yi kama. To, da wannan suke wasa wajen kyauta. A kan gadon amarya akan watsa abubuwa huɗu: jar magaryarsu, wadda 'yar'uwar tamu ce sai dai ta fi girma da zaƙi, da gyaɗa, da wani ɗan itace mai suna longan, da 'ya'yan badon ruwa. In ka jera sunayensu sai su ba da jimla mai nufin a haifi ɗa mai albarka da wuri. Ka lura, gyaɗa baƙuwa ce a can, daga Kudancin Amurka ta fito, ba ta isa ƙasar Sin ba sai wajen ƙarni na 16, ka ga ita ma al'ada tana karɓar baƙo. Hoton rumman yana nufin yawan zuriya saboda yawan 'ya'yansa. Kifi yana nufin rara. Jemage, da muke ƙyama, a wurinsu sa'a ne, don sunansa da na sa'a sautinsu ɗaya. Musulmin ƙasar ma, ƙabilar Hui, bayan liman ya ɗaura aure akan watsa magarya da gyaɗa da alewa yara su yi wawaso.

Ku 'yan kasuwa masu hulɗa da Sinawa, a Kano ne ko a Guangzhou, ku riƙe wannan, don wata rana za a gayyace ku biki. Kada ka kai agogon bango, domin faɗin "ba da agogo" ya yi kama da faɗin raka gawa. Kada ka kai laima, sunanta ya yi kama da watsewa. Ka guji lamba 4, sautinta kamar na mutuwa ne, 8 kuwa arziki ce, 9 daɗewa. Kada ka naɗe kyauta da farar takarda ko baƙa. Abin da ya fi sauƙi shi ne gudummawar kuɗi cikin jan ambulan, ka miƙa da hannu biyu. Akwai mai rubutawa a littafi a bakin ƙofa, don ranar naka bikin a rama maka, kamar dai bikin da matanmu ke yi wa juna. Amarya da ango kuma sukan durƙusa su miƙa wa iyaye shayi, iyaye su ba su jan ambulan ko awarwaron zinariya, daga ranar nan amarya ta fara kiran surukanta baba da mama.

In kiɗa ya sauya

A shekara ta 1949 'yan kwaminis suka karɓi mulki ƙarƙashin Mao Zedong, kuma a ranar 1 ga Mayu, 1950, dokar aure ta fara aiki. Ta hana auren dole, da yi wa yara ƙanana baiko, da tatsar kuɗi ko kaya da sunan aure. Daga 1954 zuwa 1983 ko yadi ba ka saye sai da takardar rabo ta gwamnati, saboda haka dangi kan tara takardunsu wata da watanni kafin a sami na barguna. A lokacin juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an yaƙi tsofaffin al'adu, kujerar ɗaukar amarya ta ɓace, aka koma biki na raba alewa da rusuna wa hoton Mao. A ƙauye har fartanya da lauje akan bayar kyautar aure. Abokan aiki kuwa sukan haɗa kuɗi su sayi daro mai fenti, da filas, da madubi, da tawul. A jikin wannan daro da wannan filas masana'antu suka riƙa buga farin ciki biyu da furanni da agwagi. Ka ji hanyar da alamar ta bi daga tagar ƙauye ta hau jikin kwano, har ta iso rumfarka.

Mu ma wannan tarihi ya taɓa mu. Kakanninmu mata da ƙorai da tasoshi suke jere. Daga wajen shekarun 1950 kwanukan fenti na Hong Kong suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, bayan samun 'yancin kai kuma wasu masu masana'antu na Hong Kong, da yawansu 'yan asalin Shanghai, suka zo suka kafa kamfanonin kwano a Legas da Kano. Kwalla da langa da fanteka suka hau bangon ɗakin amarya, ƙwarya ta koma madafa.

A shekarun 1970 saurayin birni a ƙasar Sin sai ya tanadi abin da suke kira masu juyawa uku da mai magana ɗaya: keke, keken ɗinki, agogon hannu, da rediyo. Sunayen ba baƙi ba ne a wurinku, keke Phoenix da keken ɗinki Butterfly, duk na Shanghai. Tsuntsuwar da ke jikin keken ma ita ce tsuntsuwar almara da ake ɗinkawa a rigar amarya. Keke ɗaya yakan cinye albashin ma'aikaci na wata huɗu ko fiye. Akwai kuma ƙafa 36, wato a ƙirga ƙafafun gado da tebur da kujeru da kabad su kai haka, yawanci kafinta ake kira gida ko ango ya sassaƙa da kansa. A shekarun 1980 aka koma talabijin da firji da injin wanki. Daga baya kuma gida da mota.

Inda aka kwana

Yau yawancin kayan adon nan inji ke yi. A birnin Yiwu, inda aka buɗe kasuwar ƙananan kaya a 1982, kuma inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, ana sayar da farin ciki biyu na roba da na leda katan-katan. Jan ambulan ma ya shiga waya tun 2014, lokacin da manhajar WeChat ta fito da nata.

Nauyin kuma ya juya. A zamanin Song iyayen mace ke kuka, yanzu iyayen namiji ne. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta haɗu da son ɗa namiji, har ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da kusan miliyan 35. 'Yan mata kuma suna barin ƙauye zuwa birni. Sai kuɗin aure ya yi tashin gwauron zabi. A wasu ƙauyuka, musamman a lardin Jiangxi, jaridun ƙasar sun sha ba da labarin kuɗin da ya haura yuan 200,000, ban da gida da mota, alhali a 2024 matsakaicin abin da mutumin karkara ke samu a shekara bai wuce yuan 23,000 da 'yan kai ba. Lissafa ka gani, guminsa na shekara takwas zuwa tara ke nan. Tun daga 2019 babbar takardar manufofin karkara ta gwamnati ta ambaci matsalar, a 2021 aka ware yankuna 32 don gwajin sauƙaƙa biki, a watan Fabrairu na 2024 kuma ƙa'idojin kotun ƙoli kan rigingimun mayar da kuɗin aure suka fara aiki. Auren da aka yi wa rajista ya sauko daga kimanin miliyan 13 da rabi a 2013 zuwa miliyan 6 da ɗan ɗori a 2024. Tsada ba ita kaɗai ce sanadi ba, yawan matasan ma ya ragu, amma tana ciki.

Duk da haka almakashi bai mutu ba. A ƙauyukan Shaanxi da Shanxi har yanzu akwai tsofaffin da ake kai wa jar takarda in biki ya matso, a birane kuma akwai matasan da ke komawa ga tufafin gargajiya, suna saƙa ƙullinsu, suna naɗe alewar baƙi da hannunsu, wasu don sauƙi, wasu don sha'awa.

To, Malam, ka dubi jerin nan da kyau. Fatar barewa ta wuce, gado mai kwana dubu yana gidan tarihi, keke da rediyo sun zama labari, firjin 1985 ya daɗe a bola. Kowannensu a zamaninsa an ce ba aure sai da shi, kuma an ci bashi dominsa. Takardar da kuɗinta bai kai na ƙwai ɗaya ba, ita ce har yau a ƙofar amarya, gidan mai kuɗi da gidan talaka. Kai da ke sayar da kayan jere ka fi mu sanin sau nawa yayi ya sauya tun da ka fara kasuwa, ka kuma san mutum nawa suka sayar da gona ko shanun huɗa don cika kabad. Ba mu ce kada ka fita kunyar 'yarka ba, a yi mata daidai ƙarfi, daidai ruwa daidai tsaki. Amma in akwai faifan da mahaifiyarta ta saƙa, ko ƙwaryar da kakarta ta yi wa zane, a sa mata a cikin kaya. In kuma akwai ƙanwarta a goye, ga damina na tafe, dashen mangwaro ko darbejiya goma a gefen gona ba zai gagare ka ba.

Da fatan ka gamsu. Allah ya sanya alheri a bikin, ya ba su zaman lafiya, ya kawo kasuwa.